BABI NA UKU: TARIHIN HANYOYIN SAMAR DA WUTAR LANTARKI A ƘASASHEN WURNO DA RABA DA GORONYO

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yanayin ƙasa da sana'o'in mutanen Wurno da Raba da Goronyo, inda aka nuna cewa rayuwarsu ta rataya ne a kan fadamun Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. A wannan babi kuwa za a bi diddigin hanyoyin da aka bi, ko aka yi yunƙurin bi, wajen samar wa wannan yanki wutar lantarki, a kuma auna kowace hanya ta fuskar abin da ta bayar da abin da ta ci. Tambayar da ta haifar da babin ita ce wadda ake yawan ji a bakin mutanen yankin, wato yaya za a ce ga madatsar ruwa irin ta Goronyo a ƙofar gida, amma wutar da ake kunnawa sai ta taso tun daga Kainji, tafiyar fiye da kilomita 450, sau da yawa ma ba ta isowa? Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, in ji masu iya magana.

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a fayyace ma'aunai biyu da za a riƙa ambata. Ƙarfin tasha ana auna shi da kilowat ko megawat, kilowat dubu shi ne megawat ɗaya. Yawan wutar da aka sha kuwa ana auna shi da abin da masu mita ke kira yunit, wato wutar da kilowat ɗaya ke bayarwa cikin sa'a guda.

3.1 Daga Fitilar Aci-balbal Zuwa Injin Dizal

Wurno tsohon ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nan ya rasu a shekarar 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Gari ne na malamai da ɗalibai, kuma karatun dare a wancan zamani da hasken wutar kara da fitilar mai ake yin sa. Manomin fadama kuwa da jigo yake ɗebo ruwa. Ke nan makamashin yankin bai wuce itace da kara da man gyaɗa da ƙarfin damtse ba, har zuwa lokacin da kananzir ya shigo bayan zuwan Turawa a 1903.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kafa hukumar lantarki ta ƙasa, wato ECN. Ƙarfin wannan hukuma a kudu yake, domin can ne ake da kwal na Inugu wanda aka gina wa tashar Oji a 1956, can ne kuma aka sami iskar gas wadda tashar Afam ta fara aiki da ita a farkon shekarun 1960. Garuruwan da ke nesa, irin su Sakkwato da Maiduguri, sai aka bar su da injunan dizal, kowane gari da nasa. Raba, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, inda ya yi hakimci tun daga 1934, ƙauye ce a idon irin wannan tsari, haka ma Wurno da Goronyo.

Injin dizal yana da kyawun da ba a musu. Ana iya kafa shi ko'ina cikin 'yan makonni, kuɗin sayensa ba su kai na sauran hanyoyi ba, kuma ba ruwansa da damina ko rani, dare ko rana. Wannan ne ya sa bayan samun kuɗin man fetur a shekarun 1970, hukumomin samar da lantarki a karkara na jihohi suka dogara da shi wajen haskaka hedikwatocin ƙananan hukumomi. Sai dai lita ɗaya ta dizal ba ta ba da abin da ya wuce yunit uku zuwa uku da rabi, kuma kowace lita sai mota ta ɗauko ta. Matatar mai ta Kaduna sai a 1980 ta fara aiki, ma'ajiyar mai mafi kusa kuma tana Gusau. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, sai injunan karkara da yawa a Arewa suka koma kwanciya. Mai sayen injin dizal yakan biya kaɗan ranar saye, sannan ya yi ta biya muddin injin na numfashi.

3.2 Ruwan Kainji da Doguwar Waya

A 1962 aka kafa hukumar madatsun Kogin Kwara, aka fara ginin Kainji a 1964, aka gama a 1968. An tsara wurin injuna goma sha biyu, amma takwas aka sa, masu ƙarfin megawat 760. A 1972 aka haɗe wannan hukuma da ECN, aka sami NEPA. Daga baya aka ƙara Jebba a 1985 da Shiroro a 1990.

Wutar ruwa ita ce mafi arha da Nijeriya ta taɓa samu, domin da zarar an gama gini ba a sayen mai, kuma tashar na iya haura shekara hamsin tana aiki, kamar yadda Kainji ta nuna. Amma akwai waɗanda suka biya farashinta da gidajensu. Kimanin mutum 44,000 aka tayar, tsohon garin Busa ya nutse, haka kuma ƙauyuka da tsibirai masu yawa na ƙasar Yawuri, wadda a lokacin take cikin lardin Sakkwato.

Daga Kainji babbar waya mai ƙarfin kilobolt 330 ta miƙe zuwa Birnin Kebbi. A can aka raba wutar, reshe ɗaya mai kilobolt 132 ya nufi Sakkwato, ɗaya ya tsallaka iyaka zuwa Yamai. Bayar da wuta ga Jamhuriyar Nijar tun cikin shekarun 1970 yana da nasaba da buƙatar Nijeriya ta kada a datse kogin daga sama. Daga Sakkwato ne ƙananan wayoyi masu kilobolt 33 ke ɗaukar abin da ya samu zuwa garuruwan gabas. Shirin gwamnatin tarayya na 1981 na haɗa hedikwatocin ƙananan hukumomi da babban layin ƙasa, da ayyukan hukumar raya karkara ta DFRRI da aka kafa a 1986, su ne suka yawaita turakun wuta a kan hanyoyin karkara.

A nan ne raunin wannan hanya yake ga mutanen da ake nazari a kansu. Su ne a wutsiyar layi. Wuta na raguwa a kan hanya gwargwadon tsawon waya, kuma idan rabo ya yi ƙaranci birni ake fara ba. Bugu da ƙari, abin da ya sami wuri ɗaya ya sami kowa. A watan Satumba na 2023 gobara ta kama tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi ta ƙone manyan taransfomomi, sai jihohin Kebbi da Sakkwato da wani sashe na Zamfara suka afka cikin duhu, alhali injunan Kainji lafiyarsu lau. Sauya sunan NEPA zuwa PHCN a 2005, da miƙa rarraba wutar Sakkwato ga kamfanin Kaduna a Disamban 2014, ba su rage tsawon wayar da ko taku ɗaya ba.

3.3 Bakolori da Goronyo

Wannan shi ne sashen da ya fi shafar tambayar da aka yi a shimfiɗa, don haka za a ɗan tsawaita a kansa.

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 shi ne ya zaburar da gwamnati wajen gina madatsu a Arewa. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ta fara da Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gama a 1978. Tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, tsayinta mita 48, kuma an sa mata ƙananan injunan lantarki masu megawat 3, musamman domin tura famfunan ban-ruwa na feshi. Rikicin diyya da ƙwace gonaki ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu na 1980. Adadin waɗanda suka mutu har yau ana saɓani a kansa, gwamnati ta faɗi kaɗan, wasu masu bincike sun ce ɗaruruwa ne.

Ƙasar Raba tana ƙasa da Bakolori a kan wannan gulbi, saboda haka abin da madatsar ta yi wa ruwa ya shafe ta kai tsaye. Binciken W. M. Adams na 1985 a kan fadamun da ke ƙasa da madatsar ya nuna cewa ambaliyar da ke shayar da fadama kowace shekara ta ragu, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya ja baya. Injunan lantarkin su ma daga baya sun tsaya, ban-ruwan feshin da ya dogara da su ya lalace. Wato mutanen ƙasa da madatsa sun yi asarar ambaliyarsu, wutar kuma ba domin su aka yi ta ba tun farko.

Madatsar Goronyo kuwa a kan Gulbin Rima take. An gama ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Ginin ƙasa ce, tsawonta kilomita goma sha biyu da rabi, tsayinta mita 21, kuma an tsara ta ɗauki ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, wato ninki biyu na Bakolori. Ayyukanta uku ne: ban-ruwa a tsakiyar kwarin Rima, da sakin ruwan sha ga Sakkwato da Birnin Kebbi lokacin rani, da rage ƙarfin ambaliya. Lantarki ba ya cikin manufofinta.

Wanda ya tsaya bakin wannan tafki da kaka zai ɗauka cewa ruwan ya isa ya haskaka jihar gaba ɗaya. Amma wutar ruwa ba ta yawan ruwa kaɗai ba ce, ta yawan ruwa ce haɗe da tsayin da yake faɗowa. Mai wannan nazari ya yi ɗan lissafi domin a gane. Idan aka ƙaddara cewa ruwan na faɗowa daga tsayin mita goma a matsakaici, tunda tafkin na raguwa cikin rani, to kubik mita ɗaya ba ya ba da abin da ya kai kashi uku cikin ɗari na yunit. Bayan an cire asarar inji, sai an saki kimanin kubik mita 45 kafin a sami yunit ɗaya. Ko da za a juye tafkin kaf a shekara, a ce miliyan 900, abin da za a samu kimanin yunit miliyan ashirin ne. Idan aka raba su bisa sa'o'in shekara, bai kai megawat biyu da rabi ba. Wannan kuwa lissafi ne na sassauci, domin ba a cire ruwan da rana ke shanyewa ba, wanda a wannan yanki yakan kai zurfin mita biyu a shekara, ba a kuma cire wanda ke bi ta magudanan gonaki ba. Kwarin Rima shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da duwatsu irin na Shiroro.

Sannan ruwan ba shi da tabbas. Rima na samun ruwanta daga Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare, waɗanda ba su gudu sosai sai watanni huɗu na damina, kuma an datse wasu rassansu a Zoɓe da Jibiya cikin ƙasar Katsina. A Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a Goronyo da Wurno da sauran ƙananan hukumomin da ke bakin gulbi, har ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shekara takwas bayan haka, a farkon 2018, sai tafkin ya janye har ya rage kimanin kashi ɗaya cikin goma, saboda ƙarancin ruwan sama da yashin da ya cike shi. Da a ce garuruwan yankin sun dogara da shi wajen wuta, da a wannan shekara sai an zaɓa tsakanin fitila da ruwan sha.

A ganin mai nazari, kubik mita 45 sun fi amfani a gonar albasa ko tafarnuwa ko shinkafa ta Wurno a kan yunit ɗaya na wuta. Wannan ba ya nufin a yi watsi da batun. Ruwan da ake saki dole domin Sakkwato da Birnin Kebbi zai iya ratsa ƙaramin inji a kan hanyarsa ba tare da an tauye kowa ba. Sharaɗin kawai shi ne buƙatar manomi da mai shan ruwa ce za ta yanke lokacin saki, injin ya bi bayanta.

3.4 Iskar Gas, Baƙin Mai da Kwal

Mafi yawan wutar Nijeriya daga iskar gas take fitowa, a tashoshi irin su Egbin mai megawat 1,320 kusa da Legas. Gas ya fi dizal arha da tsabta, amma jigilarsa mai yawa cikin arha sai da bututu. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a Yunin 2020, bai biyo ta Sakkwato ba. A 2008 gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ta ba da kwangilar tashar jiha mai megawat 38, aka shekara goma jama'a ba su sha wutarta ba, kuma babbar tambayar da ke kanta ita ce ta man da za ta ci, tunda komai sai an yi dakonsa a mota. Kamfanin siminti na Kalambaina yana samar wa kansa wuta da makamashin da ake yi masa dako daga nesa, amma shi yana da buhun siminti da zai ɗora wa kuɗin. Mai shago a Gandi ko Achida ba shi da wannan dama.

Kwal ba shi da tarihi a nan. Misali mafi kusa a arewa shi ne tashar SONICHAR da ke Anu Araren a jihar Agadas, wadda tun farkon shekarun 1980 take ba mahaƙar yuraniyam ta Arlit wuta, an kuwa gina ta ne a bakin ramin kwal ɗin.

3.5 Rana da Iska

Sakkwato na cikin wuraren da aka fara gwajin wutar rana a Nijeriya. A 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a jami'ar Sakkwato, wadda Farfesa Abubakar Sani Sambo ya shugabanta kafin ya zama shugaban Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Cibiyar ta kafa farantan sola masu kilowat 7.2 a ƙauyen Kwalkwalawa, da injin iska mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada. A wancan lokaci gwaji ne kawai, domin tsadar faranti ta fi ƙarfin talaka. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi casa'in cikin ɗari, sai lissafi ya juye. A 2018 Nijar ta buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza, kusa da Birnin Ƙwanni, a yanayi iri ɗaya da na Goronyo. Jami'ar Bayero ta sami tata mai megawat 7.1 a 2019, aka kuma buɗe wata mai megawat 10 a Challawa ta Kano a Janairun 2023.

Kowane murabba'in mita a wannan yanki na samun hasken da ya kai kimanin yunit shida a wuni. Yunit miliyan ashirin ɗin nan da aka lissafa daga juye tafkin Goronyo, tashar sola mai megawat goma sha biyu ko sha uku za ta iya ba da su a shekara, a filin da bai wuce hekta talatin ba, kuma ba sai fadama ba, ko faƙo ya wadatar.

Amma rana na da nata aibi. Zafin Afrilu da ke haura digiri arba'in yana rage ƙarfin faranti, ƙurar hunturu na rufe shi sai an yi ta wankewa. Babban aibin shi ne dare. Ajiye wuta sai da batir, batirin dalma kuwa zafi na kashe shi cikin 'yan shekaru, na lithiyam ya fi ƙarko amma ya fi tsada, kuma dukkansu da kuɗin waje ake sayo su. Fitilun sola na kan titi da suka mutu a garuruwa da yawa shaida ne cewa kafawa ba ta da wuya kamar kulawa. Matsalar tsaro ma ta shigo ciki. Harin Tabanni a ƙasar Raba a Yulin 2018 da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 sun nuna irin halin da mai gyara da mai zuba jari za su yi aiki a ciki. Iska ma ba ta tsira daga wannan ba. Aikin tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, ya tsaya cik bayan sace injiniyan Faransa da ke aikin a Disamban 2012, aka ɗauki shekaru kafin a ci gaba.

Inda rana ta fi dacewa da wannan yanki shi ne ban-ruwa. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1990, shi ya yawaita rijiyoyin burtsatse da ƙananan injunan fetur a madadin jigo. Muddin fetur na da rangwame lissafin manomi na fita. Da aka janye tallafin a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, manoman rani suka fara neman famfon sola. Shi ba ya buƙatar batir, domin lokacin da shuka ke jin ƙishirwa shi ne lokacin da rana ke da ƙarfi. Cikas ɗinsa shi ne kuɗin saye a dunƙule, wanda mai 'yar gona ba ya da su sai da rance ko haɗin guiwa. Akwai kuma fargabar cewa ruwan da ba a sayen mai kafin a ɗebo shi za a riƙa ɗibarsa ba ƙaƙƙautawa, alhali ruwan ƙarƙashin fadama daga gulbin yake samun ƙari.

3.6 Dokar 2023

Har zuwa 2023 hannun jiha a ɗaure yake a duk inda babban layin ƙasa ya kai. Gyaran tsarin mulki na watan Maris da dokar lantarki ta watan Yuni na wannan shekara sun ba jihohi ikon samarwa da rarrabawa da sa ido a cikin iyakokinsu. Wannan ya buɗe ƙofar kafa ƙananan tashoshi na gari ɗaya ko na ƙauyuka kaɗan, masu amfani da sola da rana, batir da ɗan dizal da dare, wutar Kainji kuma idan ta samu.

Ita ma Kainji lissafinta na iya sauyawa. A Agustan 2023 Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Nijar kuwa ta daɗe da fara ginin madatsar Kandaji mai megawat 130 a kan kogin Kwara, sama da Yamai, kuma duk ruwan da ta riƙe ruwa ne da ke kan hanyarsa ta zuwa Kainji. Babi na gaba zai dubi yadda masu sana'a a garuruwan uku, wato masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara, suke biyan kuɗin wutar da suke aiki da ita.